Bazara da Rabon Ruwa a Ƙasar Kano: Daga Guga Zuwa Famfo

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa shekara a ƙasarmu ta Kano ba ta rabu daidai ba tsakanin damina da rani. Ruwan sama kan fara sauka ne daga wajen ƙarshen watan Mayu, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, mafi yawansa kuwa a Yuli da Agusta yake zuba, kuma jimillarsa a shekara mai matsakaiciyar albarka ba ta cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba. Daga nan sai kaka, sai hunturu, sannan bazara, wato kimanin watanni bakwai ke nan da mutum da dabba za su rayu a kan abin da aka adana. Ruwan da muke sha a watan Afrilu ruwan Agusta ne wanda ƙasa, ko tafki, ko madatsar ruwa ta riƙe mana.

Kasancewar mu 'ya'yan wannan gari mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas kusan kowace shekara sai an nemi gudummawarmu a kan matsalar ruwan gida, ya dace mu waiwayi yadda magabatanmu da hukumomin da suka gabata suka fuskanci bazara, domin mu san inda ya kamata kuɗinmu da ƙarfinmu su tafi.

Zamanin guga da tulu

Kafin zuwan famfo, garuruwan ƙasar Kano sun dogara ne da rijiya da kududdufi da tafki da yashin gulbi. Kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, damina ta cika shi, a yi ta wanki da kwaɓa ƙasa da shayar da dabbobi da ruwansa, domin a bar na rijiya don sha da girki. Wannan rarrabewa tsakanin ruwan sha da ruwan aiki ita ce dabarar tattali ta farko da magabata suka bar mana. Birnin Kano kansa cike yake da irin waɗannan kududdufai, ga kuma rafin Jakara da ya ratsa ta kusa da kasuwar Kurmi, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya gani a 1851 har ya yi tsokaci a kan illar ruwan da ke kwance ga lafiyar mazauna birnin.

Idan bazara ta tsananta, kududdufi ya zama taɓo, rijiya ta ja baya, sai a shiga wani tsari wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba amma kowa ya san shi. Akan kira gayya a yashe rijiya, a ƙara mata zurfi. Mata da yara kan yi sammako tun kafin asuba, domin ruwan da ya tsatso cikin dare shi ne mai yawa kuma shi ne kwantacce. Tulu kan bi tulu a layi, wanda ya riga zuwa ya riga ɗiba, makiyayi kuma yana da nasa lokacin bayan gidaje sun samu. In rigima ta taso mai unguwa ko dagaci ke raba ta. Mai rijiya a cikin gida kuwa abin kunya ne a ji ya rufe wa maƙwabci ƙofa. A cikin gida ma ruwa ba ya aiki ɗaya: wanda aka wanke hatsi da shi akuya ce za ta sha, na wanki a yayyafa wa tsakar gida, mai laka kuma a jefa masa alif a randa ya kwanta. Mutanen bakin gulbi su kuma sukan tona yashi idan kogi ya ƙafe, su jira ruwa ya taru a ramin su kwarfa da ƙwarya.

Kada mu ɗauka zamanin jin daɗi ne. Ruwan tafki shi ke kawo kurkunu, wanda kan kwantar da manomi daidai lokacin shuka da noman fari. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ya ƙirga mutane fiye da 650,000 masu ɗauke da cutar, ba a kuwa ga na ƙarshe ba sai a 2008, aka tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Haka nan idan fari ya haɗu da rashin abinci, kamar yadda ya faru a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, babu tsarin layi da zai hana mutane barin garuruwansu.

Isowar ruwan famfo

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, baƙi suka ƙaru, baitulmalin En'e ya cika. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau karaga a 1926, aka ɗebi kuɗi daga wannan baitulmali aka yi aikin ruwa da lantarki na birnin, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1930. Abin lura shi ne, da harajin talakawan ƙasar Kano aka yi shi, har da na kakanninmu na karkara waɗanda ba su ga famfon ba sai idan fatauci ya kai su birni.

Daga kogin Challawa, ta wajen Panshekara, aka jawo ruwan, ana tura shi da inji zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari da nauyin kansa. A lokacin Challawa kogin damina ne, da rani sai yashi, don haka injiniyoyin suka nutsa rijiyoyi a cikin yashin suna zuƙo ruwan da ke kwance a ƙarƙashinsa. Wato abin da matan bakin gulbi ke yi da ƙwarya shi aka yi da ƙarfe da siminti. Iyakarsa ma iri ɗaya ce, domin abin da yashi ya riƙe yana da ƙarshe, birni kuwa ƙaruwa yake yi. Ƙidayar 1952 ta samu mutanen Kano kimanin dubu 130, kuma daga nan yawansu bai sake tsayawa ba. Tunda bututu bai shiga kowane gida ba, sai sana'ar 'yan garuwa ta kafu, masu ɗaukar ruwa a garwar kananzir mai cin galan huɗu, biyu a kan sanda, daga famfon titi zuwa ƙofar gida.

Fari da madatsun ruwa

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya ɗauki adana ruwan damina a matsayin babban aikin gwamnatinsa. An fara da Bagauda, sannan aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Aikin ya zo daidai da farin 1972 zuwa 1973, wanda ya ƙafar da rijiyoyi ya halaka dabbobi a faɗin yankin Sahel, ya kuma cika birane da 'yan cin rani waɗanda da yawansu ba su koma ba. A zamaninsa da shekarun da suka biyo baya, musamman ta hannun hukumar WRECA, an gina madatsu irin su Watari da Tomas da Gari da Kafin Ciri da Guzuguzu da Magaga. Bayan wani farin na 1983 zuwa 1984, aka kammala babbar madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye a 1992, mai ɗaukar kimanin rabin abin da Tiga ke ɗauka.

Waɗannan ayyuka sun sauya ɗabi'ar kogunan. Kogin da a da kan ƙafe tun cikin hunturu ya koma gudana duk shekara, Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama ƙasar shinkafa da alkama da tumatir. Sai dai ruwan da aka tsare a sama an rage shi ne daga na mutanen ƙasa. Ambaliyar da ke rayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da manoman can suka ji a jikinsu, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Tun daga lokacin rabon ruwan bazara ya tashi daga tsakanin tulu da tulu ya koma tsakanin mai noman rani da mai shan famfo da masunci, tsakanin jiha da jiha.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Bayan madatsu, ƙarancin ruwa a birnin Kano ya daina zama na rashin ruwa a kogi. An faɗaɗa matatar Challawa, an yi ta Tamburawa a kan hanyar Zariya, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau kuma aka gina sabuwar Tamburawa mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai miliyan 75. Amma ƙidayar 2006 ta ba jihar mutane miliyan 9.4, ko bayan cire Jigawa a 1991, unguwanni kuma suka yi ta tsirowa inda bututu bai taɓa zuwa ba. Matata ba ta tura ruwa sai da lantarki ko man dizal, tsohon bututu kuma yana zubar da wani kaso a hanya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, buƙata ke kaiwa ƙololuwa, rijiyoyin gidaje kuma su ja baya a lokaci guda.

Sakamakon shi ne rabon karɓa-karɓa wanda duk mazaunin birni a cikinmu ya sani: a buɗe wa wannan shiyya yau, waccan jibi, ruwa ya zo da tsakar dare, mai gida a kwari ya cika randa, na kan tudu ya ji iska kawai. Illar irin wannan rabo ita ce ba a san ranarsa ba, don haka duk wanda ruwa ya zo masa sai ya tara fiye da buƙata, mai hali ma ya ɗaura inji ya zuƙe na maƙwabta. Bututun da ya kwana babu ruwa kuma yakan tsotsi na kwata ta wurin da ya tsage, abin da ke buɗe ƙofa ga amai da gudawa, irin wanda ya addabi Kano a 1996 da 2001. Garwa ta koma jarka, sanda ta koma kura. Idan aka bi mafi ƙarancin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na lita 20 ga mutum a rana, gida mai mutum goma na buƙatar jarka takwas masu cin lita 25 kullum, kuma mai sayen jarka ya fi mai famfo biyan tsada a kan kowace lita.

Zamanin burtsatse

A karkara kuwa, daga shekarun 1980 aka shiga zamanin burtsatse. KNARDA ta haƙa, DFRRI ta zamanin Babangida ta haƙa, PTF ta haƙa, daga baya 'yan siyasa da masu neman lada da ƙungiyoyi irin tamu suka ɗora. Tuƙa-tuƙa ta taimaka ƙwarai wajen raba mutane da ruwan tafki. Sai dai yawancin ƙasar Kano, ban da gefenta na arewa maso gabas, a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kuma a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsage-tsage yake, ba shi da yawa, kuma damina ce kaɗai ke mayar da shi. Idan burtsatse suka yi yawa a wuri ɗaya, mai zurfi kan shanye rijiyar maƙwabcinsa. A daidai wannan lokaci kuma muka cike kududdufai muka yi filaye, alhali su ne ke tsare ruwan sama ya nutse. Bugu da ƙari, an fi samun mai ba da kuɗin haƙa a kan mai ba da kuɗin gyara, shi ya sa tankunan da suka bushe saboda lalacewar ƙaramin ƙarfe ba su ƙirguwa.

Labarin birane biyu

Maƙwabtanmu na Damagaram sun ɗanɗana abin da ƙishirwa ke yi wa gari. Can ne hedikwatar Faransawa a Nijar tun 1911, amma a 1926 aka mayar da ita Yamai, bakin kogin Kwara, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. A ɗaya ɓangaren, birnin Kep Tawun na Afirka ta Kudu, mai mutane kimanin miliyan 4, ya yi shekaru uku a jere cikin fari daga 2015. Hukumar birnin ta riƙa sanar da matakin madatsunta kowane mako, ta bayyana cewa idan ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfunan gidaje kowa ya bi layin lita 25. Daga 1 ga Fabrairu 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, aka rage ƙarfin turin ruwa a bututu, aka ƙara wa masu almubazzaranci kuɗi. Abin da birnin ke sha ya ragu da kusan rabi, ranar rufewar kuwa ba ta zo ba har ruwan sama ya dawo. Mutane sun jure ne saboda an gaya musu abin da ya rage da kuma rabon kowa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna mana cewa kowane sabon aiki, daga famfon Challawa zuwa Tiga zuwa burtsatse mai sola, ya ƙara ruwa na wani lokaci, sannan yawan jama'a ya cim masa. Abin da ya fi saurin ɓacewa shi ne tsarin rabon da kowa ya yarda da shi, wanda kakanninmu suke da shi a bakin rijiya.

Saboda haka, kafin mu sake tara kuɗin sabon haƙa, ya kamata ƙungiya ta ƙirga rijiyoyi da burtsatsen garinmu, masu aiki da matattu, ta san watan da kowacce ke ja da baya. A ware wani kaso na gudummawar shekara don gyara, a danƙa shi ga kwamitin da mata ke ciki, tunda su ne suka san layin. A zauna da masu unguwanni da makiyaya tun watan Janairu a tsara lokutan ɗiba, a sanar a masallatai da kasuwa. Kududdufan da suka rage a hana cike su, a yashe su da rani. Mu kuma masu gina gidaje a gida, mu sa indararo da tankin tarar ruwan rufi, kuma duk wanda Allah ya hore wa burtsatse ya fitar da famfo ɗaya waje.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Taronmu na ƙarshen shekara kan zo ne lokacin da rijiyoyi ke cike, kuma wannan shi ne lokacin da ya dace a yanke shawarar Afrilu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon tattalinta.