Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Ƙwayar Mako-Mako: Waiwaye Kan Maganin Amosanin Gaɓɓai a Ƙasar Gumel

A zamanin kakanninmu, daga Gumel har Gagarawa, duk ciwon da ya kama gaɓa sunansa sanyi. Idan mace ta wayi gari yatsunta sun sandare har riƙon taɓarya ya gagare ta, sai wanzami ya zo ya yi mata ƙaho, a gasa wurin da ruwan zafi, a murza da man shanu. Ba a rarrabe ciwon gwiwar tsufa da wannan amosanin mai kama yatsun hannu biyu lokaci guda, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓɓan mai ita. Su ma Turawa sai a 1859 likita Alfred Garrod na Ingila ya raɗa wa cutar sunan da asibiti ke kiranta da shi.

Asfirin ya shiga kasuwa a 1899, yana rage zugi yana kuma ƙona ciki. A 1929 Jacques Forestier na Faransa ya zo da allurar zinare, wadda ta lafar da cutar amma takan taɓa ƙoda da fata. Sai 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench ya yi wa wata matashiya da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe da ƙafarta. Duniya ta ɗauka an gama, har Hench ya samu kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba kowane allazi ya zo da nasa amanu: fuska ta kumbura, sukari da hawan jini suka biyo, ƙashi ya yi rauni.

A nan gida, binciken da Brian Greenwood ya wallafa daga Ibadan a 1969, kafin ya koma Zariya, ya nuna cutar ba ta da yawa a yammacin Najeriya. An daɗe a kan wannan fahimta, ƙwararrun fannin kuma ba su yawaita ba. Don haka magungunan Turawa ta shagon kemis da tiren 'yan talla suka fi iso mana, a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da kasuwannin ƙauyuka. Nan aka shiga zamanin haɗi. "A haɗa mini na ciwon jiki," sai a ƙulle ƙwayoyi a leda, dikulofenak da ibufurofen da ɗan'uwan kotizon ɗin nan, dekza, wanda wasu ke sha don ƙiba suna ce masa sha-ka-fashe. Zugi ya lafa a ranar, manomi ya koma gona cikin zafin rana ba isasshen ruwa a jiki, gyambon ciki da ciwon ƙoda suna tafe a hankali, yatsun kuma ba su daina karkacewa ba.

Babban sauyi ya zo a 1988, da Amurka ta amince da metotirekset don wannan ciwo. Daga nan buri ya tashi daga kashe zugi ya koma tsayar da cutar kafin ta lalata gaɓa. Sai dai maganin mai sharaɗi ne. Sau ɗaya ake shansa a mako, shansa kullum yana iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta a kai a kai, mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta shansa. Abokin tafiyarsa, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, yana buƙatar duba ido. Alluran zamani da suka fito daga 1998 suna da tsada, suna kuma iya tayar da tarin fuka da ya kwanta a jiki. Wanda ya daɗe kan dekza kuwa, likita ne zai yaye shi sannu a hankali, yankewa farat ɗaya haɗari ne.

Tarihin nan ya koya mana cewa kowane magani mai ƙarfi yana buƙatar idon da zai bi shi. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, asibitoci sun ƙaru, amma uwar da ke Sule Tankarkar takan yi tafiya har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kafin ta ga ƙwararre, ledar haɗi kuwa tana bakin ƙofarta. Idan aka ƙulla ƙwararrun Kano da Babban Asibitin Gumel, su rubuta magani a can, a riƙa gwajin jini a nan, yatsu da ƙodoji masu yawa za su tsira.