Ido, Ƙwaƙwalwa da Tsawon Kalma: Ɗan Tarihi



Ɗalibi, idan ka kafa idonka wuri guda a kan layi, kalmar da ke damanka ka fi saurin ganewa a kan ta hagu. Wannan magana tana da tarihi.

A 1952 wasu masana biyu, Mortimer Mishkin da Donald Forgays, suka riƙa haska wa mutane kalmomi cikin ƙiftawar ido. Masu karatun Turanci sun fi cafke kalmar da ta fito ta dama. Da aka gwada da harshen Yiddish, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar ajaminmu, sai wannan fifikon ya ɓace. Aka ce to ai sabo ne.

Amma abin ya wuce sabo. Duk abin da ke dama da inda ka kafa ido, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake fara isa. Tun 1865 kuwa likitan Faransa Paul Broca ya nuna cewa a wannan ɓangaren magana take ga yawancin mutane.

A 1985 Andrew Young da Andrew Ellis a Ingila suka shigo da zancen tsawo. Suka gano cewa a gefen hagu, duk harafin da aka ƙara wa kalma yana rage saurin gane ta. A gefen dama kuwa tsawo bai cika tasiri ba. Wato "gida" da "makaranta" kusan ɗaya suke a damanka, amma a hagunka "makaranta" ta fi ba ka wuya.

To, ina ruwan Bahaushe? Mu hanya biyu muka gada. Ajami ya daɗe yana tafiya hagu kafin Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909. Har gobe yaro a Ɗanbatta da asuba yana kan allo, da hantsi yana kan littafin boko.

Ga inda abin ya shafi rubutunmu. Idan ka rubuta "zanzomaka" maimakon "zan zo maka", ka ƙera doguwar kalmar da ido bai saba da ita ba, dole mai karatu ya tsaya yana farfasa ta. Mai duba jarrabawa ma haka, kuma makinka ne zai tafi.

Don Allah a riƙa raba kalmomi. Allah ya ba mu sa'a.