Makaɗi, Lada da Aƙida: Tarihin Rikicin Sun City, 1979–1994

Gabatarwa

Tsohuwar tambaya ce a sha'anin kiɗa da waƙa: idan aka gayyaci makaɗi taron da zuciyarsa ba ta yarda da masu shi ba, aka kuma ajiye masa lada mai tsoka, ya je ko ya ƙi? Wannan maƙala za ta dubi yadda tambayar ta taso a wani wuri guda, watau Sun City da ke Afirka ta Kudu, a zamanin mulkin wariyar launin fata. An zaɓi wannan misali ne domin a nan ne aka fi jayayya a kan batun a bainar jama'a, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa baki, kuma mafi yawan waɗanda suka je ba magoya bayan wariya ba ne. Wasu daga cikinsu ma sun yi suna wajen yaƙi da ita a ƙasashensu.

Asalin wurin

Gwamnatin Turawa tsiraru ta Afirka ta Kudu ta daɗe da shirin ware wa kowace ƙabila ta baƙar fata wani yanki, ta kira shi ƙasarsu ta gado, domin a ƙarshe ta ce ba 'yan Afirka ta Kudu ba ne, baƙi ne masu zuwa ƙwadago. A kan wannan shiri aka ba Transkei 'yancin kai na jeka-na-yi-ka a 1976, sa'an nan Bophuthatswana a watan Disamba na 1977, a ƙarƙashin Lucas Mangope. Wannan yanki na Tswanawa gutsattsari ne warwatse cikin Afirka ta Kudu, ba su ma haɗe da juna ba, kuma babu wata ƙasa a waje da ta amince da shi. Da wannan 'yanci ne aka raba Tswanawa da yawa da zamansu 'yan ƙasa.

A Afirka ta Kudu kanta doka ta hana caca irin ta gidajen caca, amma dokar ba ta hau Bophuthatswana ba tun da an ce wata ƙasa ce dabam. Wani ɗan kasuwa mai harkar otal, Sol Kerzner, ya ga wannan kafa, ya gina Sun City kusa da duwatsun Pilanesberg, tafiyar kamar sa'a biyu a mota daga Johannesburg, aka buɗe shi a Disamba 1979. Akwai otal da gidan caca da filin wasan golf, daga baya aka ƙara babban zauren wasa mai cin mutum wajen 6,000. Turawan birni suna zuwa su yi abin da aka hana su a gida, gwamnatin Mangope kuwa tana samun rabonta.

Kiran ƙaurace wa Afirka ta Kudu ta fuskar al'adu ya girmi Sun City nesa ba kusa ba. Tun 1954 limamin Kirista Trevor Huddleston ya yi wannan kira a wata jaridar Ingila. A 1964 an kori mawaƙiyar Ingila Dusty Springfield daga ƙasar saboda ta yi wasa gaban taron da ya haɗa fari da baƙi. A 1968 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su dakatar da hulɗar al'adu da wasanni da gwamnatin wariya, a Disamba 1980 kuma ya sake zartar da ƙuduri mai ƙarfi da ya roƙi marubuta da mawaƙa da makaɗa su ƙaurace wa ƙasar. Amfanin Sun City ga masu shi ke nan: makaɗi yana iya karɓar kuɗin ya ce shi bai taka Afirka ta Kudu ba.

Waɗanda suka je

Frank Sinatra ne ya buɗe babban zauren a 1981, an kuma ruwaito cewa ladansa ya haura dala miliyan ɗaya da rabi. Abin lura shi ne tarihin mutumin. Sinatra yana cikin waɗanda suka matsa wa otal-otal na Las Vegas lamba su daina hana baƙar fata shiga, kuma a 1961 ya yi wasa a New York don tara wa ƙungiyar Martin Luther King kuɗi. Haka nan Ray Charles, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya soke wasa a garin Augusta na jihar Jojiya a 1961 da ya ji za a raba 'yan kallo bisa launi, amma a farkon shekarun 1980 ya zagaya Afirka ta Kudu yana wasa, 'yan gwagwarmayar ƙasar suna roƙonsa kada ya zo. Linda Ronstadt, wadda aka sani da ra'ayin sassauci a siyasar Amurka, ta yi wasa shida a Sun City a 1983 a kan dala 500,000. Elton John da Rod Stewart da Cher duk sun hau wannan dandali. Ƙungiyar Queen ta Ingila ta je a Oktoba 1984, wata guda kacal bayan ɓarkewar boren unguwannin baƙar fata na yankin Vaal, lokacin da 'yan sanda ke harbin masu zanga-zanga. Ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya ta ci su tara.

Hujjojin da suka kawo sun yi kama da juna. Ta farko ita ce kiɗa ba ruwansa da siyasa, makaɗi na masu sauraro ne ba na gwamnati ba. Ta biyu ita ce a Sun City ba a raba wurin zama, fari da baƙi suna iya zama gefe da gefe. Wannan gaskiya ne a takarda, sai dai kuɗin tikiti da na mota da na kwana sun yi aikin da doka ba ta yi ba, domin ma'aikacin ma'adinai na Rustenburg ko manomin ƙauyukan da ke kewaye ba shi da halin shiga sai in aikin shara ko ɗaukar kaya ya kai shi. Hujja ta uku ita ce sadaka: Queen, alal misali, sun taimaka wa wata makarantar kurame da makafi a yankin. Babu dalilin zargin cewa dukansu ƙarya suke yi. Mai yiwuwa ne mutum ya tsani wariya da zuciya ɗaya, kuma ya gaskata cewa waƙarsa za ta sassauta zukatan Turawan da suka zo saurare.

Inda hujjojin suka gaza shi ne ba su dubi abin da mai gayyata ya saya ba. Kerzner bai biya waɗannan maƙudan kuɗi don murya kaɗai ba, domin faifan Sinatra yana kasuwar Johannesburg. Abin da ya saya shi ne zuwan mutumin, hotonsa yana sauka daga jirgi, da labarin da za a buga cewa manyan duniya suna zuwa Bophuthatswana kamar yadda suke zuwa kowace ƙasa. Mai nazarin kiɗan Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba. A fada, tsayuwar makaɗi a ƙofar ubangida ita kanta yabo ce tun kafin ya buɗe baki, kuma darajar Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu, ta ƙaru a idon jama'a da kasancewar Narambaɗa makaɗinsa. Bambancin shi ne makaɗin fada bai taɓa musun wannan ba, ya san wanda yake ɗaukakawa kuma da sunansa yake kiransa. Mawaƙin Turai na ƙarni na ashirin kuwa ya taso da ra'ayin cewa shi mai 'yancin kansa ne, ba shi da ubangida, abin da ke tsakaninsa da mai taro kwangila ce kurum. Wannan ra'ayi ne ya ba shi damar cewa jikinsa ya je amma aƙidarsa tana gida.

Rajistar Majalisa da waƙar 1985

Kwamiti na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariya shi ya ɗauki nauyin tabbatar da ƙauracewar, kuma 'yan Nijeriya ne suka daɗe suna shugabancinsa. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya riƙe shi a farkon shekarun 1980, Janar Joseph Garba ya riƙe daga 1984 zuwa 1989, sai Farfesa Ibrahim Gambari ya gaje shi. Daga Oktoba 1983 aka fara fitar da rajista mai ɗauke da sunayen mawaƙa da 'yan wasan da suka je Afirka ta Kudu. Rajistar ba ta da ikon ɗaure kowa ko cin tararsa. Makaminta kunya ce, da kuma tsoron cewa wasu ƙasashe da hukumomin birane za su hana mai suna a ciki dandali. Hanyar fita kuwa a buɗe take: makaɗi ya rubuta wa kwamitin alkawarin ba zai koma ba sai wariya ta kau, a share sunansa. Da yawa sun bi wannan hanya.

A cikin 'yan sana'ar ma an tashi tsaye. Harry Belafonte da ɗan wasan tanis Arthur Ashe sun kafa ƙungiyar mawaƙa da 'yan wasa masu adawa da wariya a 1983. A Maris 1985 Stevie Wonder ya karɓi lambar Oscar da sunan Nelson Mandela, gidan rediyon gwamnatin Afirka ta Kudu ya haramta sa waƙoƙinsa. A wannan shekara ce Steven Van Zandt, bayan ya ziyarci ƙasar da kansa, ya tara makaɗa wajen hamsin suka yi waƙar da ya sa wa suna Sun City, wadda jigonta shi ne alkawarin ƙin yin wasa a wurin. Akwai Miles Davis da Bob Dylan da Bruce Springsteen da Run-DMC, akwai kuma Sonny Okosun na Nijeriya. An tara fiye da dala miliyan ɗaya. Wani abin sha'awa ga mai nazarin zambo shi ne, a rubutun farko an ambaci sunayen waɗanda suka je, amma aka cire kafin fitar da faifan. Sai waƙar ta koma habaici, wanda ya tsargu ya san kansa. Bayan fitarta samun manyan mawaƙan waje ya yi wa Sun City wuya ƙwarai.

Matsalar Paul Simon

Al'amarin Paul Simon shi ya nuna cewa ƙa'idar ba ta da sauƙi kamar yadda rajista ta ɗauke ta. Shi an yi masa tayin Sun City ya ƙi. Amma a Fabrairu 1985 ya je Johannesburg ya ɗauki kiɗa tare da makaɗa baƙar fata, ya biya su fiye da ladan da aka saba, abin da ya haifar da faifan Graceland na 1986. Bai yi wasa gaban 'yan kallo ba, bai karɓi kuɗin gwamnati ko na Kerzner ba, hasali ma shi ne ya biya. Duk da haka bai nemi amincewar ANC ba, kuma ya sa Linda Ronstadt a faifan, abin da masu suka suka ɗauka tsokana ce. An yi masa zanga-zanga a Landan a 1987. A ɗaya gefen kuma Hugh Masekela da Miriam Makeba, waɗanda suka shafe shekaru suna gudun hijira saboda wariya, sun bi shi yawon wasa, har da babban taron Harare na wannan shekara. Ra'ayin Masekela shi ne ƙauracewar da ta toshe bakin makaɗin Soweto tare da na gwamnati ta kauce hanya, kuma ta wannan faifai ne duniya ta san Ladysmith Black Mambazo.

Hujjar Masekela tana da ƙarfi, amma ba ta wanke waɗanda suka je Sun City ba, domin a can kuɗi da ɗaukaka sun tafi ne ga mai otal da gwamnatin Mangope, a nan kuwa wani kaso ya isa ga makaɗan da wariya ta danne. Ita ma ANC da Majalisar sun gane wannan bambanci, daga 1987 zuwa 1988 suka sassauta zuwa ƙauracewa mai zaɓe, wadda ta bar ƙofa ga hulɗar da ke taimakon masu gwagwarmaya.

An saki Mandela a Fabrairu 1990, Majalisar ta janye ƙauracewar al'adu a 1991. A Janairu 1992 Simon ya yi wasa a Afirka ta Kudu da yardar ANC, ko da yake ƙungiyar AZAPO ta ƙi amincewa, har aka jefa gurneti a ofishin masu shirya wasan. A Maris 1994 bore ya kifar da Mangope, a Afrilu kuma aka mayar da Bophuthatswana cikin Afirka ta Kudu. Sun City yana cikin lardin Arewa maso Yamma a yau. A 2021 Roger Taylor, mai ganga na Queen, ya faɗa a wata hira cewa da kyakkyawar niyya suka je, amma zuwan nasu kuskure ne.