Bango da dandali: yadda makarantu biyu suka yi suna

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, fagen kokowa kan ɗaukaka sunan gari. Makarantun boko ma sun san irin wannan takara tun zamanin Turawa, kuma biyu daga cikinsu sun isa misali.

An buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Ingilishi suka kawo mata wasan fayis, ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda asalinsa na makarantar Eton ne, ta ƴaƴan manyan Ingila. A wurinsu, gwaninta a fili shaidar tarbiyyar shugabanci ce. Ahmadu Bello, wanda ya gama kwalejin a 1931, ya riƙe wasan har bayan zamansa Firimiyan Arewa, kuma ana gasar kofin Sardauna domin tunawa da shi.

Ɗaliban Nijar kuwa Senegal Faransawa ke tura su, makarantar William Ponty, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu. Can wasan kwaikwayo ne abin alfahari a shekarun 1930: ɗalibai kan tattaro al'adun ƙasashensu lokacin hutu, su nuna su a dandali da Faransanci.

Kowace daula ta zaɓi wasan da zai horar mata da irin ma'aikacin da take buƙata. Amma suna linzami ne: waɗanda suka fito daga makarantun biyu su ne suka karɓi mulki a 1960.