Bindiga da Ƙotarta

Sarkin Kano Babba Zaki shi ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Tun daga lokacin maƙera ke fama da abu guda, watau zaman ƙarfe bisa ƙota. Itace yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. In ƙarfe ya yi sako-sako, sai maharbin Kadawa ya auna gada, ya sami ƙasa. Mutanen da sukan ɗaure shi da zobba. Yanzu akan kafa 'yan turakun ƙarfe cikin ƙota, a cike giɓi da danƙo mai daskarewa. 'Yan makaranta, ku lura: tun a maƙera harbi ke gyaruwa.