Asalin Audugar Funtua da Zumuncin Ƙwayoyin Gado

Tarihin audugar da ake nomawa a ƙasar Funtua da Malumfashi yawanci akan fara shi ne daga zuwan Turawa. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a birnin Mancesta domin samar wa masaƙun Ingila auduga. A 1912 aka shigo da irin nan na Amurka mai suna Alan ta hanyar Uganda, aka yi ta gwada shi a ƙasar Zazzau. Cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, jirgin ƙasa ya iso Funtua, injin gurza ya kafu, aka riƙa raba wa manoma angurya. Saboda haka ne mutane suka ɗauki wannan auduga a matsayin baƙuwa.

Amma akwai wani tarihi da ya girmi wannan nesa ba kusa ba, wanda ke rubuce cikin anguryar kanta. Kowane abu mai rai yana ɗauke da ƙwayoyin gado, watau umarnin da ke tsara siffarsa, a jere kan wasu zarurruka da masana ke kira kuromosom. Audugar gargajiya ta Afirka da Asiya tana da irin waɗannan zarurruka 26. Audugar daji ta nahiyar Amurka ita ma 26 gare ta, sai dai nata ƙanana ne. Ita kuwa Alan da 'ya'yanta suna da 52.

A 1934 wani masani, Skovsted, ya nuna cewa rabin 52 ɗin nan manya ne irin na Afirka da Asiya, rabi kuma ƙanana irin na Amurka. A 1940 Beasley ya haɗa jinsunan biyu da hannunsa, ya sami tsiro mai 52. Da aka karanta ƙwayoyin gadon wannan auduga a 2015, magana ta ƙara tabbata. Gidajen biyu kakansu ɗaya, sun rabu shekaru miliyan 5 zuwa 10 da suka wuce, kowanne yana canjawa sannu a hankali a nahiyarsa. Daga baya, kimanin shekaru miliyan 1 zuwa 2 baya, iri daga wannan ɓangaren duniya ya ƙetare teku ya yi barbara da na Amurka, tun babu ɗan Adam a can balle jirgin ruwa. Ashe baƙuwar da aka sauke a Daudawa tana da dangi na jini a Afirka.

Ke nan kusan kowace ƙwayar gado a jikinta biyu ce, kamar 'yan maza zar da suka tashi a garuruwa daban sannan suka haɗu gida ɗaya. Wani lokaci su yi aiki tare, wani lokaci ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta. Zumuncin ma bai tsaya nan ba, domin kuɓewa da rama da yakuwa, har da kuka da goro, duk dangin auduga ne na nesa. Manomin da ya ce furen kuɓewa ya yi kama da na auduga bai yi kuskure ba.

Wannan dangantaka ce jarin masu gyaran iri. Cikin shekarun 1940 da 1950, Knight ya yi aiki a Sudan yana ɗebo ƙwayoyin jure cutar baƙin tabo daga wasu jinsunan auduga yana zubawa cikin waɗanda ake nomawa, abin da ba zai yiwu ba in da babu asali ɗaya. A Samaru ma, inda aka fitar da irin 26J daga zuriyar Alan, jure wannan cuta na cikin manyan abubuwan da aka riƙa nema kafin a tura iri gonakin Funtua da Malumfashi.