Fantasin ƙwallon kwando: Yadda ake auna 'yan wasa da hasashen makomar ƙungiyoyi

A duk watan Oktoba, kafin a buɗe kakar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ɗimbin masoya wasan kan zauna gaban waya ko kwamfuta domin wani zaɓe na daban. Kowannensu manaja ne na ƙungiyar da babu ita a zahiri, amma 'yan wasan da yake ɗauka na gaske ne, kuma abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Wannan shi ake kira fantasin ƙwallon kwando.

Wanda ya saba da fantasin Firimiyar Ingila zai ga kamanni, sai dai akwai bambanci babba. A can, manajoji da dama na iya mallakar ɗan wasa guda a lokaci ɗaya. A tsarin kwando da aka fi bi kuwa, ɗan wasan da aka ɗauka ya tafi ke nan, babu wanda zai sake samunsa a wannan gasa. Shi ya sa kuskuren ranar zaɓe kan bi mutum har watan Afrilu, kuma mafi yawan kuskuren daga abu guda yake fitowa: bin suna a bar lissafi.

Asalin wasan

A Amurka aka ƙirƙiro shi. A 1962 wani ɗan kasuwa a birnin Oakland, Wilfred Winkenbach, tare da abokansa suka tsara dokokin fantasin ƙwallon zari-ruga na Amurka. A 1980 kuma ɗan jarida Daniel Okrent ya kafa irin wannan gasa ta wasan besbol, ya laƙaba mata sunan Rotisserie, daga sunan wani gidan abinci a New York inda suke haɗuwa. Daga nan tsarin ya tsallaka zuwa kwando. Zuwan intanet ya ɗauke wa mutane wahalar tattara alƙaluma daga jaridu, inda yanzu shafuka irin su Yahoo da ESPN ke yin lissafin nan take.

Yadda ake zaɓen

NBA na da ƙungiyoyi 30, kowacce na buga wasa 82 kafin zagayen fitar da zakara. Gasar fantasi kan ƙunshi manajoji 10 ko 12, kowane da 'yan wasa kimanin 13. A gasar mutum 12, 'yan wasa 156 ke nan za a ɗauka.

Hanyar da aka fi bi ita ce zaɓen tafiyar maciji: wanda ya fara a zagayen farko shi ne na ƙarshe a zagaye na biyu. Mai lamba ta 1 zai ɗauki gwanin gwanaye, amma ba zai sake zaɓe ba sai a lamba ta 24 da ta 25, yayin da na ƙarshe zai ɗauki na 12 da na 13 a jere. Hanya ta biyu ita ce gwanjo, inda ake ba kowa jarin boge, yawanci dala 200, a riƙa tayawa har mai tsada ya ɗauka.

A fara da sanin doka

Darajar ɗan wasa ta dogara ne da yadda gasar ke ƙidaya. A tsarin maki, kowane aiki na da farashinsa. A ƙa'idar da Yahoo ke farawa da ita, kowane makin da ɗan wasa ya ci ɗaya ne. Cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando 1.2; miƙa ƙwallon da aka ci da ita 1.5, ƙwace ƙwallo 3, tare jifa 3, wanda kuma ya zubar da ƙwallo ga abokan hamayya a cire masa ɗaya.

Da wannan ma'auni ake gane dalilin da ya sa Nikola Jokić na Denver, ɗan ƙasar Sabiya, ya daɗe a sahun farko na zaɓe. A kakar 2024/25 yana cin maki 29.6 a kowane wasa, da cafka 12.7, da miƙawa 10.2. Waɗannan uku kaɗai sun ba shi kimanin maki 60 na fantasi a wasa guda.

A tsarin rukunai kuwa, ana fafatawa ne a fannoni tara daban-daban: maki, cafka, miƙawa, ƙwace, tarewa, jifa mai maki uku, kason jifan da ya shiga, kason jifan kyauta da ya shiga, da ƙarancin zubar da ƙwallo. Wanda ya rinjayi abokin karawarsa a biyar daga cikin tara ya ci makon. A nan tauraro na iya zama alheri a wani fanni, ya zama nauyi a wani.

Giannis Antetokounmpo, wanda aka haifa a Girka ga iyaye 'yan Najeriya, misali ne. Sau biyu yana zama gwarzon kaka, a 2019 da 2020, ya kuma ɗauki kofi da Milwaukee a 2021. Amma a 2024/25 kashi 61.7 cikin 100 na jifan kyautarsa ne kawai ya shiga, alhali yana jefa fiye da 10 a kowane wasa. Rauni mai yawan nanatuwa irin wannan kan ja ƙungiyar fantasi gaba ɗaya ƙasa a wannan fanni. Masu ƙwarewa kan magance haka ta hanyar sadaukar da rukunin: su haƙura da shi tun ranar zaɓe, su tara masu ƙarfi a sauran takwas.

Ƙarancin abu shi ke ɗaga darajarsa. Masu cin maki 20 a wasa suna da yawa, masu tare jifa biyu a wasa kuwa ƙalilan ne. Victor Wembanyama, Bafaranshen da San Antonio ta ɗauka a lamba ta 1 a 2023, ya tare jifa 3.6 a kowane wasa a kakarsa ta farko, fiye da kowa a gasar. Mutum ɗaya irin wannan na iya riƙe wa manaja rukuni guda shi kaɗai.

Wanda ba ya fili ba ya kawo maki

Alƙaluman wasa-wasa na ruɗi idan ba a haɗa su da yawan wasannin da aka buga ba. Joel Embiid, haifaffen Yaounde a Kamaru kuma gwarzon kakar 2023, yana cin maki 34.7 a wasa a 2023/24, har ya zura maki 70 a raga San Antonio cikin dare ɗaya a Janairun 2024. Sai dai ciwon gwiwa ya sa wasa 39 kawai ya buga, jimillar maki 1,353. Ɗan wasan da ba a ji sunansa sosai ba, mai cin 20 a wasa 80, ya tara 1,600. A kakar da ta biyo baya, wasa 19 Embiid ya buga. Shi ma Wembanyama, daskarewar jini a kafaɗarsa ta dama ta datse kakarsa ta biyu a Fabrairun 2025, bayan wasa 46.

Akwai kuma hutar da taurari da gangan. Toronto ta bar Kawhi Leonard ya buga wasa 60 kacal a 2018/19 domin adana ƙarfinsa, ta kuma ɗauki kofi da shi. Ƙungiyar ta ci riba, manajojin fantasi kuwa sun yi asarar wasa 22. Da al'adar ta yaɗu, NBA ta fito da dokoki biyu a 2023: sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka, sannan ƙungiyar da ta hutar da tauraro ba bisa ƙa'ida ba za ta biya tarar dala 100,000 a karon farko, dala 250,000 a karo na biyu.

Mintuna da dama

Abu na gaba da ake dubawa shi ne wanda hanya ta buɗe masa. Ƙwallo ɗaya ce a fili, idan tauraro ya bar ƙungiya, jifansa da mintunansa sai sun koma hannun wani. Da James Harden ya bar Philadelphia a farkon kakar 2023/24, makin Tyrese Maxey ya tashi daga 20.3 zuwa 25.9 a wasa, ya kuma lashe kyautar wanda ya fi kowa ci gaba. Manajan da ya hango wannan gurbi ya sami tauraro a farashin talaka. Irin waɗannan zaɓuɓɓuka na tsakiyar zagaye su suka fi raba gardama, domin a zagayen farko kusan kowa ya san wanda zai ɗauka.

Su kansu ƙwararrun NBA, masu likitoci da masu leƙen 'yan wasa, suna faɗuwa a wannan jarrabawa. A zaɓen 1984 Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kawo mata kofi biyu; Portland ta ɗauki Sam Bowie a lamba ta 2, ta bar Michael Jordan ya tafi Chicago. A 2007 Portland ɗin dai ta fifita Greg Oden a kan Kevin Durant, ciwo ya sa wasa 105 Oden ya buga a duk rayuwarsa ta NBA. Shi kuwa Jokić, sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014.

Hasashen ƙungiyoyi

Yawan nasarar bara ba shi ne ma'auni mafi inganci ba, domin wasannin da ake rabuwa da tazarar maki ɗaya ko biyu sa'a na da babban kaso a cikinsu. Masu nazari sun fi dogara da tazarar da ke tsakanin makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta. Bill James ne ya fara wannan lissafi a besbol, Daryl Morey, wanda daga baya ya jagoranci Houston da Philadelphia, ya daidaita shi da kwando. Bisa lissafinsa, ƙungiyar da ke cin 115 ana cin ta 110 ta cancanci nasara kusan 53 cikin 82. Idan ta tashi da 60, akwai alamar za ta sauko baɗi. Idan 46 ta samu, akwai alamar za ta haura.

Dean Oliver, a littafinsa Basketball on Paper, ya kasa sirrin nasara gida huɗu: ingancin jifa kashi 40 cikin 100, kiyaye ƙwallo 25, cafka 20, jifan kyauta 15.

Wani lokaci lissafin kan yi daidai. Oklahoma City ta ci wasa 68 a 2024/25 da tazarar maki 12.9 a wasa, mafi girma a tarihin gasar, ta kuma ɗauki kofi. Wani lokaci kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne: Golden State ta ci wasa 73 a 2015/16, ta kai 3 da 1 a wasan ƙarshe, Cleveland ta ƙwace kofin. Miami ta 2023, wadda makin da aka ci ta ya fi wanda ta ci a kakar, ta kai har wasan ƙarshe. Babu kuma lissafin da ya hango musayar Luka Dončić daga Dallas zuwa Lakers a Fabrairun 2025.

Makomar ƙungiya na shafar manajan fantasi kai tsaye. Ƙungiyar da ke lallasa abokan karawarta kan zaunar da taurarinta a zangon ƙarshe na wasa. Wadda ta yanke ƙauna kuwa kan ajiye su a Maris da Afrilu domin ta sami gurbi mai kyau a zaɓen sababbin 'yan wasa, daidai lokacin da gasannin fantasi ke wasannin fitar da zakara. A Afrilun 2023 NBA ta ci tarar Dallas dala 750,000 kan irin wannan.

Inda kuɗi suka shigo

Da yawan gasannin kyauta ne, tsakanin abokai. Amma akwai nau'in kwana ɗaya da ake zuba kuɗi, wanda kamfanonin FanDuel da DraftKings suka yaɗa. Dokar Amurka ta 2006 kan cacar intanet ta ware fantasi daga cikin abin da ta hana, kamfanonin kuma suka riƙe hujjar cewa wasan gwaninta ne. Wani nazari da mujallar Sports Business Journal ta wallafa a 2015 ya gano cewa a rabin farko na kakar besbol ta shekarar, kashi 1.3 cikin 100 na masu wasa ne suka kwashe kashi 91 na ribar.

A Nuwamban wannan shekara babban lauyan jihar New York, Eric Schneiderman, ya umarci kamfanonin biyu su daina karɓar kuɗin mazauna jihar. Jihar ta halatta wasan a 2016, kamfanonin kuma suka biya dala miliyan 6 kowanne domin sasanta ƙarar yaudara a tallace-tallacensu. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni. A Afrilun 2024 NBA ta kori Jontay Porter na Toronto har abada, bayan ta same shi da tsegunta wa masu caca halin lafiyarsa da ficewa daga wasa da wuri domin cacarsu ta ci.

A Najeriya, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005 a Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne. A jihohi irin su Kano da ke aiki da shari'ar Musulunci, caca laifi ce, Hisba kuma kan rufe shagunanta. Matashin da zai zuba kuɗi a manhajar fantasi na ƙarƙashin dokar jihar da yake zaune, yana kuma karawa da masu amfani da kwamfuta wajen shigar da jerin 'yan wasa masu ɗimbin yawa lokaci guda.

Ga mai yin wasan domin nishaɗi, tambayoyi huɗu ne ke gaban kowane suna ranar zaɓe: me dokar gasar ke ƙidayawa, wasa nawa ɗan wasan ya buga a shekarun baya, mintuna nawa zai samu bana, kuma ina ƙungiyarsa za ta kasance a watan Maris. Sai kuma batun agogo: wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a New York a lokacin sanyi, ƙarfe 1 na dare ne a Najeriya da Nijar, kuma sanarwar wanda ba zai buga ba kan fito ne dab da fara wasa. Manajan da ya kwanta bai gyara jerinsa ba, ya iya wayar gari da gurbi babu kowa.